Kowane Ayari da Garin da Ya Baro

Bayan an gama yankan hatsi, lokacin da dammuna suka shiga rumbu kuma samarin ƙauyuka suka fara ɗaure kayan ci-rani, wani saurayi ya sauka a tashar Mayahi da ƴar jaka rataye a kafaɗa. Kowa na shirin fita, shi kuwa shigowa ya yi. Kwana uku ya yi bisa hanya daga Kumasi ta ƙasar Gana. Abin da ya riƙe bai wuce sunan wani ƙauye da ke gefen Gulbin Kaba ba, da sunan kakansa, da wani tsohon hoto da gefensa ya fara cinyewa. Mai babur ya kai shi ƙofar maigari, maigari kuma ya sa yaro ya raka shi gidan wani dattijo mai shekara 85, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda za su iya tuna wannan suna.

Saurayin ya durƙusa ya yi gaisuwa da Hausa, amma irin Hausar da ta sa yaran da suka yi cincirindo a bakin zaure suka fashe da dariya. Ya ce: "Kaka, mamana ya ce in gaishe ku, ya ce da yana da lafiya da mun zo tare." Bakinsa bai raba mace da namiji ba, kuma kuɗi a wurinsa "kudi" ne, ƙasa kuwa "kasa". Dattijon ya tsawata wa yaran, ya karɓi hoton ya kai shi kusa da ido. Fuskar ba ta gaya masa kome ba, domin rabonsa da wansa tun yana ɗan shekara 7. Askar da ke kumatun mutumin ita ce ta yi magana: zanen gidansu ne, irin wanda ke fuskar shi kansa dattijon, wanda kuma babu ko ɗaya cikin yaran nan masu dariya da ke ɗauke da shi. Da ya tambayi baƙon sunansa, sai ya ji sunan mahaifinsa da ya rasu tun kafin a ba ƙasa mulkin kai. Ya yi shiru, can ya ce: "To, ai bakina ba ya iya faɗin sunanka. Kai ne Baba. Ku kawo wa Baba ruwa."

An yi kwana biyu ana murna. A rana ta uku ƴaƴan dattijon suka fara magana ƙasa-ƙasa a bayan rumbu. Gonar gandun da kakansu ya bari ba a taɓa raba ta da wanda ya tafi ba. Tun tuni aka yanka ta gamana-gamana tsakanin gidaje 6, kuma babu gidan da abin da yake nomawa ke kai shi wata damina. Idan wannan baƙo ya zo neman rabon kakansa ne, daga bakin wa za a cire lomar? Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma kuma su ne ke cewa jini ya fi ruwa kauri, kuma shari'a ba ta soke gado don mai shi ya yi nisa.

Irin wannan zuwan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Tasawa da Mayahi. Kafin a yanke wa saurayin hukunci, ya kamata a san zangon da ya fito, domin jama'ar da ke zaune a baƙuwar ƙasa tana sauyawa ta hanya biyu. Ta farko kowa ya san ta: uba ya zo, ɗa ya tashi a can, jika ya zama ɗan gari. Ta biyu ita ce ba a cika lura da ita ba: ayari yana bin ayari, kowane ya baro gida a wani zamani daban, saboda wani dalili daban, ya kuma tarar da waɗanda suka riga shi sun zama wasu mutane. Duk sunan gari ɗaya suke kira, amma garin da ke cikin kan kowannensu daban ne.

Hanyar Gwanja

Waɗanda suka fara buɗe hanyar fatake ne. A ƙarni na 19 ayarori kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato ƙarƙashin madugu, da jakai da takarkarai ɗauke da kanwa, da baƙin tufafin rini, da kayan fata, su yi wata da watanni kafin su kai Salaga a ƙasar Gwanja, inda goron Asante ke fitowa. Tasawa tana kan hanyar da ta haɗa Abzin da Kano. A nan Heinrich Barth ya sauka a watan Janairu na 1851, bayan ya biyo ayarin gishiri daga arewa, kafin ya wuce Gazawa da Katsina. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya nuna cewa biyu daga cikin manyan ƙungiyoyin fataucin goro, wato Agalawa da Tokarawa, asalinsu mutanen arewa ne da suka fito daga hannun Abzinawa, suka zauna ƙasar Katsina da Kano, suka zama Hausawa cikin ƴan zuriyoyi. Wato waɗanda suka kai Hausa Gwanja, da yawansu kakanninsu baƙi ne a cikinta.

Waɗannan fatake ba su tafi da niyyar zama ba. Kalmar zango kanta wurin yada kaya take nufi, inda ayari ke kwana ya tashi. Sai dai kowane zango yana bukatar wanda zai zauna ya tarbi na baya: mai masauki, da dillali, da mahauci, da liman. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mazaunanta suka bazu zuwa Kete Karachi da Yeji da sauran garuruwa, kuma bayan da Ingilishi suka kama Kumasi a 1896 zangonta ya cika. Cikin waɗanda suka bar Salaga har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma marubucin waƙoƙi da Larabci da Hausa, wanda ya rasu a Kete Karachi a 1934. A Akara kuwa, Malam Baƙo, ɗan wani malami Bakatsine, shi ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Zuriyar waɗannan mutane su ne suka riƙe sarautar zango, da limanci, da filayen gini. Garin da suka baro gari ne na sarakuna da ganuwa, ba su san iyakar Faransa da Ingila ba, don a zamanin fitarsu ba a ja ta ba.

Masu gudun lanho

Ayari na biyu bai fita da kaya ba, da ƙarfin jikinsa ya fita. Ƙasar Tasawa ta ga shigowar Nasara da idonta a 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ta da wuta har ta tarwatse a wajejen Maijirgi. Abin da ya biyo baya shi ne lanho, wanda dole a biya da kuɗin Faransa, da aikin tilas na hanya da ginin bariki, da kamun soja. Mafi yawan samarin wannan yanki kudu kusa suka nufa: Kano, da ramukan kuza na Jos, da Ikko. Wasu kuwa suka bi tsohuwar hanyar goro zuwa ƙasar da a lokacin ake kira Gwal Kwas, wadda koko ya cika da kuɗi. Jean Rouch ya bi sawun irin waɗannan matafiya ƴan Nijar a shekarun 1950, ya ɗauke su a fim suna dako a kasuwa da bakin jirgin ruwa.

Kakan saurayin nan yana cikinsu. Ya fita da dare, shekara biyu kafin dokar da ta soke aikin tilas a 1946, bayan an rubuta sunansa cikin waɗanda za a kai aikin hanya. A Kumasi ya sauka a zauren wani maigida, jikan fatake, wanda ya ba shi tabarma da tuwon dare, ya tsaya masa a wurin aiki, ya kuma riƙe masa ajiyar kuɗinsa. Ya yi dako, ya yi ɗaurin huhun goro, daga baya ya sami tebur a mahauta. Shekarun farko yakan aiko da kuɗin lanhon gidan ta hannun masu komawa, har da riga ɗaya da dattijon bai manta launinta ba. Daga nan ya auri wata Badagomba, haihuwa ta zo, saƙo ya fara jinkiri, har ya yanke.

Tsakanin ayarin farko da na biyu akwai harshe ɗaya da addini ɗaya, amma akwai tazara. Tsofaffin zango suna ganin sababbin a matsayin talakawan karkara, masu zuwa su tafi, waɗanda ba a ba su ɗiya sai an yi dogon bincike. Sababbin kuma suna ganin tsofaffin sun yi laushi, sun saba da doya da ayaba, ba su san kaifin hauya ba. Duk da haka kowane yana bukatar ɗan'uwansa. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya ga yadda cinikin shanu da goro ya dogara ga wannan alaƙa ta maigida da baƙonsa, ya kuma lura cewa Hausawan Sabo sun fi matsa wa kansu a kan al'ada da addini fiye da yadda za su yi a gida, domin amanar da kasuwancinsu ke tafiya a kanta daga nan take fitowa.

Ƴaƴan zango

Ɗan da aka haifa a zango bai baro ko'ina ba. Uwarsa tana iya zama Badagomba ko Bamosa, abokan wasansa ƴaƴan Zabarmawa da Wangarawa da Kotokoli da Yarbawa, kuma harshen da ya haɗa su duka a tsakar gida da makarantar allo shi ne Hausa. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin Mosawan Kumasi, ta tarar ƴaƴansu sun fi jin Hausa bisa harshen iyayensu. A nan abin mamakin yake: yayin da jikan Bahaushe ke rasa wasu sassan Hausar kakansa, Hausar kanta tana samun dubban bakuna sababbi. Wannan ne ya haifi Gananci, Hausar da ta sauke bambancin jinsi, ta sassauta ƙ da ɗ da ts, ta ɗebi kalmomi daga Turanci da harshen Asante. Harshen da baƙi da yawa suka koya a manyance haka yake yi ko'ina a duniya. Kuma bai tsaya cikin zango ba: waken da shinkafar da duk Gana ke ci da safe sunansa daga wake ya fito, haka ƙosai, da koko, da tuwon zafi.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutane fiye da 100,000 suka fita, cikinsu har da waɗanda aka haifa a can, waɗanda ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. Kakan saurayin ya ɓuya a wani ƙauyen masu koko har ƙura ta lafa. Daga ranar ya hana ƴaƴansa faɗin sunan ƙauyensu a gaban baƙo, bai kuma sake yarda an yi wa jariri aska a gidansa ba. Mahaifin saurayin ya tashi a ƙarƙashin wannan tsoro: ya yi makarantar boko, ya iya harshen Asante kamar ɗan gari, ya yi aikin tuƙi, in an tambaye shi asalinsa ya ce shi ɗan Kumasi ne. Abu ɗaya ya riƙe, shi ma don tsohon ya roƙe shi: ya sa wa ɗansa na fari sunan kakan da ke kwance a gefen Gulbin Kaba.

Na bayan fari, da na zamanin waya

Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun tura wani ayari. Waɗannan ƴan biɗa ne na rani, masu shayi da gadi da tallan kaya, masu barin iyali a gida su komo da saukar ruwa. Sun sha kora su ma, musamman a Nijeriya a farkon 1983, zamanin Shehu Shagari. Garin da suka baro ya riga ya zama na lakwal da rediyo da gujiyar da ta daina biya. Da suka isa tsofaffin zangogi sai suka tarar da masu kiran kansu Hausawa waɗanda ba su san bambancin gero da maiwa ba, su kuma ƴan zango suka ga mutanen da ba su da takarda, masu jawo musu idon ƴan sanda. Sau da yawa sababbin sukan kafa ƙungiyarsu dabam, ta ƴan gari ɗaya, da asusun kai gawa da na biyan tara, su bar sarkin zango da nasa.

Na yau kuwa wani iri ne. Bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, da rikicin Kodibuwa na 2002, hanyoyi sun ƙara karkata arewa, zuwa Libiya da Aljeriya, duk da yaƙin 2011 da ya koro dubun-dubatar ƴan Nijar, da kuma korar da ake yi ana zubar da mutane a hamadar Asamaka. Saurayin da ya bar Korgom ko Urafan ko Kanambakashe a yau yana ɗauke da ƙauyensu cikin aljihu. Da dare yana jin muryar uwarsa a WhatsApp, ya san farashin tiyar hatsi a kasuwar garinsu, kuɗinsa kuma kan isa gida a yinin da ya aika. Ba ya bukatar zauren maigida kamar yadda na da suka bukace shi, saboda haka bai cika shiga cikin jama'ar da ya tarar ba. Zai yiwu nasa ƴaƴan su riƙe Hausar gida fiye da ƴaƴan na da. Zai yiwu kuma su tashi ba su da zangon da zai tsaya musu ranar wuya.

Masanin zamantakewa Abdelmalek Sayad ya bayyana irin wannan a 1977 game da Aljeriyawan Faransa. Ya ce ƙaurarsu ta yi zamani uku: na manomin da dangi suka aika don ya ceci gona, da na saurayin da ya tafi don kansa, da na iyalan da suka kafa ƙaramar ƙasarsu a can. Ya kuma nuna cewa mai ƙaura yana fama da rashi biyu, don ba ya nan da jikinsa, can kuma ba a lissafa shi cikakken ɗan gari.

Madubi daga Holan

Domin kada a ɗauka wannan halin talaka ne ko na baƙar fata, yana da kyau a dubi mutanen Holan, ƙasa mai arziki wadda ta daɗe tana fitar da ƴaƴanta. Ayarinsu na farko a Amurka ƴan kasuwa ne da manoma da suka kafa Sabuwar Amsterdam, wadda Ingilishi suka karɓe a 1664 suka sa mata suna New York. Zuriyarsu sun riƙe harshensu a ƙauyukan kogin Hudson fiye da shekara 150, har Martin Van Buren, shugaban Amurka daga 1837 zuwa 1841, da Holanci ya fara magana kafin Turanci.

A 1847 wani ayari ya iso, na talakawa masu tsananin riƙon addini da suka ɓalle daga cocin gwamnati a gida. Albertus van Raalte ya kafa garin Holland a jihar Mishigan, Hendrik Scholte kuma ya kafa Pella a jihar Ayowa. Sun tarar da jikokin ayarin farko sun zama Amurkawa masu wa'azi da Turanci. Da fari suka haɗa coci da su, amma a 1857 wani ɓangare ya fice ya kafa nasa, yana ganin na da sun yi sakaci da abin da aka gada. Su ma nasu jikokin ba su tsira ba. A lokacin yaƙin duniya na farko aka matsa wa masu baƙon harshe, har gwamnan Ayowa ya hana amfani da kowane harshe ban da Turanci a bainar jama'a a 1918. Da harshen ya raunana sai aka koma ga alama: tun 1929 garin Holland ke bikin furen tulip kowace shekara, ana rawa da takalman itace irin waɗanda mutanen Holan na birni suka daɗe da ajiyewa.

Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatin Holan da kanta ta ƙarfafa wa jama'a su fita, kusan rabin miliyan suka tafi Kanada da Ostareliya da Amurka da wasu ƙasashe cikin shekara 20 da ƴan kai. Waɗannan sun baro ƙasar da yaƙi ya ragargaza, suka iske ƴan'uwansu na riƙe da hoton Holan ta ƙarni na 19. A Ostareliya, binciken Michael Clyne kan ƙidayar jama'a ya nuna suna cikin baƙin da suka fi kowa saurin barin harshensu su koma Turanci a cikin gida. Masanin tarihi Marcus Lee Hansen ya lura tun 1938 cewa abin da ɗan baƙo ke ƙoƙarin mantawa, jika ne ke tashi nemansa. Wanda ya ga saurayin nan durƙushe a zaure da hoto a hannu ya ga gaskiyar wannan magana.

Akwai bambanci guda mai nauyi. Holanci ya narke a Amurka don ba wanda ke bukatarsa a kasuwa, Hausa kuwa ta zama harshen kasuwa da masallaci ga waɗanda ba Hausawa ba. Sai dai jikan Holan a Mishigan ba a tambayarsa takardar asali, alhali jikan zango, ko da gwamnatin Gana ta kafa asusun raya zangogi a 2017, yakan gamu da tambayar ina ne garinku na asali duk lokacin da ya je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa.

Iyakar gona

Wannan tambaya ce ta kawo saurayin. Da dattijon ya gaji da raɗe-raɗin ƴaƴansa, ya tara su da hantsi ya ce: "Baba, faɗa mini gaskiya a gaban ƴan'uwanka, me ka zo nema?" Saurayin ya ce shi mai gyaran waya ne, yana da shago, bai taɓa riƙe hauya ba. An tambaye shi garinsu a wani ofis ya ce Kumasi, aka yi masa dariya. Ya zo nan ya faɗi sunan ƙauyen, ga shi yara suna kiransa ɗan Gana. Yana so ya ga wurin da idonsa, ya san sunayen kakanni, don in ɗansa ya tambaye shi ya sami abin faɗa. Sa'an nan ya shiga tambaya: ina babbar rijiyar da ake ja da takarkari? Ina dajin da kuraye ke kuka a bayan gari? Ina kukar da ake sauke amarya a gindinta? Matasan gidan suka dubi juna. Rijiyar ta rufta tun kafin a haife su, dajin ya zama gonaki har iyakar ganin ido, kukar kuwa dattijon ne kaɗai ya san inda take da. Garin 1944 ya ɓace a nan, yana nan da ransa a wani ɗaki a Kumasi, a bakin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.

Da la'asar dattijon ya dogara sandarsa ya kai shi gona. Ya nuna masa layin gamba da wani tsohon gawo, ya ce daga nan zuwa can rabon wansa ne, kuma shi bai taɓa cewa nasa ba ne, aro yake ci. Babban ɗansa, wanda gamanarsa ke cikin wurin, ya ce a je a yi takarda gaban maigari da hukumar filaye, kamar yadda dokar karkara ta 1993 ta tanada, baƙon ya rubuta cewa ya yafe. Ba mugunta ta sa shi faɗin haka ba. Yana da ƴaƴa 9, kuma ya ga yadda gardamar gona ke raba zumunta. Saurayin ya ce shi ba zai karɓi ko taki ɗaya ba, amma ba zai sa hannu ba, don yana da ƙanne da ƴaƴan baffanni a can waɗanda bai shawarta ba, kuma wannan layin gamba shi ne kaɗai abin da ya rage da sunan kakansu a duniya. Aka tashi ba a yanke ba. Ya koma da tiya biyu ta gero da sunayen kakanni 5 rubuce a bayan hoton.

Abin da ya shafi makaranta

Malaman makaranta sun fi kowa gamuwa da ƴaƴan waɗannan ayarori. Bayan 2002 da 2011 azuzuwan Tasawa da Mayahi sun karɓi yara da suka tashi a Abijan ko Sabha, masu Hausa mai gauraye da Julanci ko Larabci, kuma sau da yawa dariyar ƴan aji ce ta fara koya musu yin shiru. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973 ake gardamar wace Hausa za a rubuta, kuma gardamar ta ƙara nauyi tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Daidaitacciyar Hausa wajibi ce ga littafi da jarrabawa. Amma yaron Tasawa da ke cewa "hura" da "shi taho" ya san shi ma ba da ita yake magana da kakarsa ba, don haka ba shi da dalilin raina wanda ya ce "mamana ya zo". Malamin da ya ɗauki jimlar ɗan zango ya ajiye ta kusa da ta ɗan gari da ta littafi, ya sa ɗalibai su gano inda suka rabu da dalilin rabuwar, ya koyar da nahawu da tarihi cikin awa guda.

Ƙungiyoyin raya al'adu kuma suna da aikin da ba ya jira. Dattawan da suka san wa ya tafi, a wace shekara, saboda me, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Haka tsofaffin matan zangogin Kumasi da Akara da Ibadan waɗanda ke riƙe da sunayen rijiyoyi da kirarin gidaje da a nan aka manta. Ɗalibin kwaleji da waya a hannu zai iya ɗaukar muryar kakansa a hutu ɗaya, a rubuta, a ajiye a ɗakin karatu na gari, a aika wa na can, su ma su aiko da nasu.

Dattijon ya rasu da damina mai zuwa. Saurayin bai sami zuwa jana'iza ba, amma ya aiko da kuɗin sadakar bakwai, kuma yakan kira babban ɗan marigayin jefi-jefi su gaisa, kowa da irin Hausarsa. Maganar takarda tana nan ba a sake tayar da ita ba, gamba kuma ba wanda ya tuge ta. Bana da aka yi haihuwa a gidan, wayar da aka fara bugawa bayan an raɗa suna ta Kumasi ce.